Rediyo Mai Hoto: Ƙorafina a Kan Fina-finanmu

Akwai wani dattijo makaho da ke zama kullum da daddare a bencin mai shayin layinmu a Maamobi. Mai shayin yana da talabijin a saman teburinsa, kuma da an sallame Isha'i sai ya kunna fim ɗin Hausa mai dogon zango. Dattijon nan ba ya fashi. Wata rana na zo a makare, na tambayi samarin wurin inda aka kwana a labarin, kowa ya kama inda-inda, don rabinsu hankalinsu na kan waya. Dattijon ne ya warware mini zare da abawa: wane ya saki wance, uwar miji ta je wurin boka, takardun gida suna hannun direba. Na ce, "Baba, ai ka fi masu ido gani." Ya yi dariya ya ce, "Ɗana, wannan ne kaɗai abin da aka yi a duniya ba a cuci makaho ba. Abin da za su yi sai sun faɗa, suna cikin yi suna faɗa, in sun gama kuma wani ya je ya ba wani labari."

Kowa ya yi dariya, har da ni. Amma da na koma ɗaki maganar ta hana ni sakat, domin Baba ya yanke wa fina-finanmu hukuncin da masu ido suka kasa yankewa shekara da shekaru.

Ni ma'aikacin rediyo ne, da baki nake cin abinci. Idan muna wasan kwaikwayo a rediyo, dole wani ya ce, "Kai, me ya sa ka zaro wuƙa?" don mai sauraro ba ya ganin wuƙar. Lalura ce ta tilasta mana. Shi kuwa mai fim Allah ya hore masa ido, ya hore masa haske da inuwa da fuskar ɗan Adam, amma sai ya ajiye su ya zo yana aron sandarmu ta guragu alhali ƙafafunsa lafiya lau. Abin da nake faɗa ke nan, kuma ban yi niyyar sassauta shi ba: galibin fina-finan Hausa, na Kano da waɗanda samarinmu na Zango ke yi a Ankara da Kumasi suna kwaikwayon na Kano, rediyo ne mai hoto. Ka rufe ido ba ka yi asarar komai ba. Ka kashe sauti kuwa, ba abin da zai rage sai mutane a kan kujera suna motsa baki.

Tun da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a Kano a 1990, zuwa lokacin da Sangaya ya buɗe ƙofar rawa da waƙa, zuwa kafa hukumar tace fina-finai ta Kano a 2001, gardama ɗaya muke ta maimaitawa. Malamai na cewa ana ɓata tarbiyya, 'yan fim na cewa faɗakarwa suke yi. An yi faɗa a kan gyale, an yi a kan rawa, an yi a kan kwaikwayon Indiya. A duk tsawon shekarun nan da wuya ka ji wani ya tambayi darakta, "Malam, me ya sa ka dasa kyamara a nan ba a can ba?" An shagala da tambayar ko fim halas ne ko haram, an bar tambayar ko abin da ake yi ɗin ma fim ne.

Mai karatu ya san fitowar da nake nufi, don ya gan ta sau ɗari. Mota ta danna oda a bakin gida, maigadi ya rugo ya buɗe ƙofa, motar ta shiga, ta tsaya, Alhaji ya fito, ya rufe, ya taka har falo, duk muna biye da shi kamar masu binsa bashi. A falo ga Hajiya a kan kujera mai zaman mutum uku, ga labule mai walƙiya. Ta ce ranta a ɓace yake. Ya ce shi ma ransa a ɓace yake. Ya fita, ta zauna ita kaɗai tana zancen zuci a bayyane, tana sake gaya mana cewa ranta a ɓace yake. Sai a sako kiɗan piyano mai ban tausayi, ko da akwai wanda bai gane ba tukuna. Minti goma sun tafi, ido bai ci komai ba.

Wannan matsala masu fim na duniya sun warware ta tun fim bai fara magana ba. Kimanin shekara ɗari da suka wuce, wani malamin fim a Rasha mai suna Lev Kuleshov ya yi wani gwaji da har yau ake koyarwa. Ya ɗauki hoton fuskar wani ɗan wasa, fuskar da ba fara'a ba fushi, ya haɗa ta da kwanon miya, ya sake haɗa ta da gawar yarinya a cikin akwati, ya kuma haɗa ta da wata mace a kishingiɗe. Masu kallo suka ga yunwa a ta farko, baƙin ciki a ta biyu, sha'awa a ta uku, alhali fuska ɗaya ce ba ta canza ba. Ma'ana tana fitowa ne daga jera hoto kusa da hoto, kuma mai kallo da kansa yake ƙulla ta a zuciyarsa. A kan wannan Sergei Eisenstein ya gina fim ɗinsa Battleship Potemkin a 1925, inda sojoji ke saukowa a kan matakalar Odessa, keken jariri na gangarowa, ba kalma ɗaya da aka furta, amma har yau mai kallo sai ya dafe ƙirji.

Daga baya wani mai sharhi a Faransa, André Bazin, ya ƙalubalanci wannan hanya. A ganinsa yawan yanka hoto tamkar jan mai kallo ne da igiya a hanci. Ya fi son a bar kyamara ta daɗe a kan abu, a bar gaba da baya su fito sarai, ido ya zaɓi inda zai sauka. Mazhabobi biyu ke nan, kuma sun yi ta jayayya. Amma a lura, jayayyarsu a kan yadda hoto zai yi magana ne. Babu ɗaya daga cikinsu da ya ce a zaunar da mutum biyu a falo su ba mu labari.

Ga misalin da ya fi kusa da rayuwarmu. A 1948 Vittorio De Sica ya yi Bicycle Thieves a titunan Rum, bayan yaƙi ya talauta Italiya, kuma jarumin ma'aikacin masana'anta ne wanda bai taɓa fitowa a fim ba. Mutum ya samu aikin liƙa takardun talla, amma sai da keke, kekensa kuwa yana jingina. Matarsa ta yaye zannuwan gadonsu ta kai jingina don a fanso keken. Sai kyamara ta bi ma'aikacin wurin yana hawa da ƙunshin zannuwan, yana hawa, ga kantoci har rufi cike da zannuwan wasu iyalan. Da wannan hoto ɗaya an gaya maka cewa gari guda ne ke kwana ba zanen gado. Da a wajenmu ne, da an kawo wani tsoho ya yi jawabin minti biyar a kan halin matsi da ake ciki.

Kada wani ya ɗauka cewa ina kira ne a yi ta yawo da kyamara. Yasujiro Ozu na Japan da wuya kyamararsa ta motsa. A Tokyo Story na 1953, labarin tsofaffin da suka je birni ganin 'ya'yansu suka tarar kowa ba shi da lokacinsu, ya ajiye kyamarar ƙasa-ƙasa, daidai idon wanda ke zaune a kan tabarma, don a nan mutanensa suke rayuwa. Ya san dalilin da ya sa ya ajiye ta a wurin. Mu ma mutanen tabarma ne, a zaure, a masallaci, a wurin cin tuwo, a zaman makoki. Sau nawa ka ga kyamarar fim ɗin Hausa ta durƙusa ta zauna tare da mu?

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, a duk al'ummomin da na sani ba wadda ɗabi'arta ta dace da fim kamar tamu. Mu mutanen kunya ne da kara da kawaici. Uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yabonsa a gaban mutane, amma ka dubi yadda take tsame tsoka mafi kyau ta tura gefensa a kwano ba ta dube shi ba. Suruki yana cire takalmi tun daga nesa. Matar da aka yi wa kishiya ba ta cewa komai, sai dai ka ji sautin dakanta ya canza. Yarinya in an ambaci sunan wanda take so, sai ta ja mayafi ta shiga wasa da yatsun ƙafa. Rabin maganar Bahaushe ba da baki yake yin ta ba, kuma wannan rabin kyamara ce kaɗai ke iya kama shi, rediyo ba ya iyawa. Amma ku dubi fina-finanmu: 'ya tana zazzage wa mahaifinta sirrin zuciyarta ido cikin ido, uwa tana gaya wa ɗan fari irin son da take masa a jimla goma. Masu kukan cewa rawa ta kashe al'ada ba su lura cewa surutu ya riga ta ba.

Na san uzurorin da ake kawowa, don na sha jin su daga bakin baƙin da nake gayyata shirina.

Na farko, babu kuɗi. To, a nan garin, a 1954, Jean Rouch na Faransa ya biyo wasu samari 'yan Nijar uku, Damouré Zika da Lam Ibrahim Dia da Illo Gaoudel, da suka zo ci-rani Ankara da Kumasi, ya ɗauki fim ɗin Jaguar da ƙaramar kyamarar da ake wana ta da hannu, wadda ba ta kai minti guda tana ɗauka sai an sake wana ta, kuma ba ta ɗaukar murya. Oumarou Ganda, wanda Rouch ya haɗu da shi yana aikin ƙarfi a Abidjan, ya koma Nijar ya zama darakta, kuma fim ɗinsa Le Wazzou polygame ne ya fara cin babbar lambar bikin FESPACO na Wagadugu a 1972. Wayar da ke aljihun kowane saurayi a Nima yau ta fi kyamarar Rouch sauƙin aiki nesa ba kusa ba. Matso da kyamara kusa da hannun da ke rawa ba ya cin ko sidi ɗaya. Hayar katafaren gida da jerin motoci su ne ke cin kuɗi, kuma a kansu ake kashewa.

Na biyu, hukumar tace fina-finai da idon malamai sun ɗaure mu. Masu fim na Iran suna aiki a ƙarƙashin dokokin da ba su fi na Kano sassauci ba: mace ba ta fitowa kai a buɗe, namiji da mace ba sa taɓa juna. A cikin wannan ƙunci Majid Majidi ya yi Children of Heaven a 1997. Yaro Ali ya ɓatar da takalmin ƙanwarsa Zahra, suna tsoron gaya wa iyayensu matalauta, sai suka riƙa karɓa-karɓa da takalminsa: ta je makaranta da safe, ta rugo ta ba shi a lungu, ya ruga tasa. Shawarar ma a littafin makaranta suka rubuta wa juna, iyayen na gefe suna hirarsu. Ya shiga gasar tsere yana neman ya zo na uku, don takalmi ne kyautar na uku, sai tsautsayi ya sa ya zo na ɗaya. Ana ɗaga shi ana ɗaukar hoto, shi kuwa kansa a sunkuye. Babu abin da mai tacewa zai yanke a ciki, kuma fim ɗin ya kai har takarar Oscar. A maƙwabtanmu ma, Abderrahmane Sissako ya yi Timbuktu a 2014, inda masu bindiga suka haramta ƙwallo, sai ga samari a fili suna gudu, suna ba juna, suna cin gida, suna murna, babu ƙwallon. Wace huɗuba ce za ta faɗi abin da wannan hoto ya faɗa? Takunkumi na iya hana ka nuna wasu abubuwa, amma bai taɓa hana mai basira yin tunani ba.

Na uku shi ne wanda ya fi ɓata mini rai: wai masu kallonmu ba za su gane ba sai an tauna an ba su a baki. Wannan raini ne. Iyayenmu da suka riƙa cika sinimar Duniya a Nima, da takwarorinsu na Kano da Zariya, sun kalli Mother India na 1957 da Sholay na 1975 ba su jin Indiyanci ko kalma goma, da yawansu ba sa karanta rubutun ƙasan allo, amma suna fitowa da hawaye, su kwana suna ba da labarin daki-daki. Ta ina suka gane? Ta ido. Waɗancan daraktocin sun iya haske, sun iya fuska, sun san lokacin da za a matso da lokacin da za a ja baya. Waƙoƙinsu ma aiki suke yi, suna ɗauke da abin da kunya ta hana jarumi furtawa. Mun kwaso rawar da canjin kaya, mun baro ilimin a can. Ni ban ga laifin waƙa a fim ba, laifin shi ne waƙar da za a cire labari bai ji a jikinsa ba.

Gaskiya ɗaya ce, dole in ba 'yan Kannywood haƙƙinsu. Sun gina masana'anta da guminsu, ba gwamnatin da ta ɗauke su a kafaɗa. A nan Zango, yara da yawa a bakin Ali Nuhu da abokan aikinsa suka ji kalmomin Hausar da suka fara ɓacewa a gidajenmu. Na kuma san cewa mai fim a YouTube yana cin abinci ne da tsawon lokacin da aka kalla, ga shi kowane mako sai ya fitar da sabon kashi, kuma magana ta fi komai arha wajen cika awa guda. Na san uwargida tana kallo tana tuƙa tuwo, kunnenta ne a kan allo. Duk na yarda. Shirye-shirye irin su Kwana Casa'in da Labarina sun nuna cewa ana iya gyara hoto da sauti. Amma kyamara mai tsada da jirgi marar matuƙi da ke shawagi a saman gari ba su ne harshen fim ba, kamar yadda sabon alƙalami ba ya mai da mutum marubuci. Idan kasuwa ce ta tilasta surutu, a ce kasuwa ce, a daina laƙa wa masu kallo rashin fahimta.

Yanzu bari in dawo gida, don a nan abin ya fi yi mini ciwo. Wani ƙanena a unguwa, yaro mai ƙoƙari, ya gayyace ni wurin ɗaukar fim ɗinsa. Labarin wata yarinya ce 'yar Nima da aka tilasta wa aure. Na ɗauka lungu za mu shiga, sai ga mu a tasi mun nufi East Legon, gidan haya mai bene da kujerun fata. 'Yan wasan, waɗanda na san su tun suna yara, suna ta karya harshe suna neman Hausar Kano. Na ce, "Ƙanena, ina Nima a cikin wannan?" Ya ce, "Yaya, ai in aka nuna lungu mutane za su ce fim ɗin talakawa ne." Na rasa abin da zan ce masa a lokacin. Ga amsata yanzu.

Lungun da kake jin kunya shi ne dukiyarka. Darakta a wata ƙasa sai ya kashe dukiya kafin ya gina irin abin da kake ratsawa kowace safiya kyauta: hanyar da mutum biyu ba sa wucewa sai ɗaya ya karkace, hasken da ke tsagowa ta tsakanin kwanon rufi, tururin koko da asuba, layin masu jiran waakye, kasuwar Nima ranar Laraba, kayayo da tulin kaya a ka da goyo a baya, sahun salla da ya malalo har titi, gidan haya mai ɗaki goma sha biyu da famfo ɗaya, inda ake jin Hausa da Zabarmanci da Kotokoli da Dagbani da Twi a tsakar gida guda. Kano ba ta da wannan, Legas ba ta da shi. Hausarmu ta Zango ma, da ake yi wa dariya, ita ce muryar wurin, kuma fim ɗin da ya guje ta ya yi ƙarya tun kafin a fara.

Kuma in ba mu nuna kanmu ba, wasu za su nuna mu, kamar yadda suka saba. Kowa ya san hoton Nima da ke fitowa a labarai: kwata, bola, samari masu zafin kai. Rouch da na yaba ɗazu, shi ne kuma ya yi Les Maîtres fous a kan 'yan borin Hauka a nan Ankara, fim ɗin da ya fusata 'yan Afirka da yawa da suka gan shi, har Ousmane Sembène na Senegal ya zarge shi da kallon mutanenmu kamar ƙwari. Sembène bai tsaya a ƙorafi ba, ya riƙe kyamara da hannunsa. Haka Aïcha Macky ta koma garinsu Damagaram ta yi fim ɗin Zinder a 2021 a unguwar Kara-Kara, da Hausa, cikin samarin da kowa ke tsoro, ta zauna da su har suka fito a matsayin mutane. Unguwar da aka yi wa tambari irin namu ce, kuma ba ta je hayar gidan bene ba.

Ba daga sama za mu fara ba. Adamu Halilu ya yi Shaihu Umar da Hausa tun 1976, daga littafin Abubakar Tafawa Balewa, an gyara shi an nuna a bikin fina-finai na Berlin a 2018, amma samarinmu nawa ne suka taɓa jin sunansa? A nan Gana akwai Kwaw Ansah mai Love Brewed in the African Pot da Heritage Africa, akwai King Ampaw mai Kukurantumi. Makarantar koyon fim da aka kafa da sunan NAFTI tana nan tun 1978, tafiyar trotro kaɗan ce daga Nima. Wanda bai samu shiga ba, da yawa daga fina-finan da na lissafa yana iya nemo su da wayarsa. Mawaƙi ba ya zama mawaƙi bai saurari magabata ba, amma mai fim ɗinmu yana so ya zama darakta bai kalli komai ba sai na abokinsa.

Don haka ga ƙalubale ga duk saurayi ko budurwa mai kyamara a Nima da Maamobi da Alajo da Sabon Zango. Ka yi mini fim na minti biyar ba magana ko ɗaya. Ka ɗauki uwa a Alajo da daddare, hadari ya haɗu, tana duban kogin Odaw tana duban yaranta da ke barci, tana ɗora buhun gari a saman kabad. Ko ka ɗauki tsohon da ke zuwa wurin mai karɓar kuɗin waya kowane ƙarshen wata yana jiran saƙon ɗansa da ke Turai, ranar da saƙon bai zo ba. Kada kowa ya ce yana jin tsoro, kada kowa ya ce ransa ya ɓaci, kada a sa piyano. In mai kallo ya gane, ka fara zama mai fim. In bai gane ba, ka sake ɗauka, ba a kansa laifin yake ba.

Ni dai ina nan wurin mai shayi ina jiran daren da Baba zai juyo ya ce, "Ɗana, sun yi shiru, me ke faruwa?" A ranar zan matso kusa da shi in ba shi labarin abin da ido ya gani, don wannan aikina ne na ɗan rediyo, ba aikin mai fim ba. Allah ya nuna mana.